BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani abu da ya same ni, domin wanda ya ji ya shafa wa gemunsa ruwa.

Ina da wata ƙaramar kwamfuta a gidana a Zariya, irin wadda masana ke kira saba, waɗansu kuwa su ce uwar garke. Ba ta da allo, ba kuwa mai zama gabanta. Aikinta ajiya kurum, ko ina nake sai in kira ta da wayata ta hanyar intanet, ta miƙo mini abin da na nema. A cikinta na ajiye hoton takardar da marigayi mahaifinmu ya rubuta da hannunsa game da iyakar gonarmu, asalin takardar kuwa gara ta cinye tun tuni. Saboda yawan amincewa da na yi da ita, ban bar kwafi ko ɗaya a wayata ba.

Cikin daminar 2024 jayayya ta tashi a kan wannan gona, aka kira mu gaban alƙali a ƙasar Sakkwato. Na bi ta Funtuwa da Gusau na isa da yamma. Bayan lisha na ce bari in fitar da takardar in shirya, na kira, shiru. Na sāke kira, shiru. Na buga waya gida, uwargida ta ce hadari ya taso da azahar aka ɗauke wuta, ba a kawo ba sai bayan magariba. Ga shi gobe da hantsi za a zauna. Ba ni da hannu a can sai na ɗana, yaro mai shekara goma sha uku, shi na yi ta yi wa kwatance har dare ya raba. Ashe ƙofa uku ce ta rufe, kowace da nata dalili.

Ta fari, kwamfutar ba ta tashi ba sam. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai wani tsari da ake kira BIOS, inda ake gaya mata abin da za ta yi in wuta ta dawo, ko ta tashi da kanta, ko ta zauna a kashe. Na san na umurce ta da tashi. Amma abin da ke riƙe mata wannan umurni in ba wuta, wani ɗan batir ne kamar kwabo, mai lamba CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Nawa ya mutu ban sani ba, sai ta manta da umurnin, har agogonta ya ɓace. Yaro ya danna maɓalli ta tashi, na yi hamdala, na kira, shiru dai.

Ta biyu, sai da ya haɗa ta da talabijin muka gani. Tsarin Linux ke tafiyar da ita, na kuwa rubuta mata cikin jerin nan da ake kira fstab cewa lalle ta haɗa wani faifan ajiya na waje in za ta tashi. Faifan yana da tasa wayar wuta dabam, uwargida ta zare ta sa'ad da aka ɗauke wuta, don tsoron kada ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, ba ta kuwa yi laifi ba. Da kwamfutar ta nemi faifan ta rasa, sai ta tsaya tsakar hanya tana jiran mai gida ya zo ya sa kalmar sirri, ba ta ko kai ga buɗe ƙofar da nake shiga ba. Aka mayar da wayar, aka sāke tayar da ita, ta wuce wannan.

Ta uku ita ta fi ba ni wuya. Na'urar da ke raba intanet a gida, watau rauta, ita ke ba kowane abu lambar da za a san shi da ita, kamar yadda mai unguwa ke nuna wa baƙo masauki. Na gaya mata duk kiran da ya zo daga waje ta kai shi lamba kaza. To, da wuta ta dawo kwamfutar tana kwance, wayar wani daga cikin yara ta riga ta karɓi wannan lamba. Watau duk sallamar da nake yi tun dare, a ƙofar wani nake yi. Yaro ya karanto mini sabuwar lambar, na koya masa ya shiga daga cikin gida, ya ciro hoton ya aiko mini, ana kiran assalatu. Da aka zauna, dattawa biyu suka shaida hannun marigayi, Allah Ya rufa asiri.

Da na komo na gyara su ɗai ɗai. Na sayi sabon batir, na sāke ba BIOS umurni. Na ƙara kalmar nofail a layin faifan, don ko babu shi ta ci gaba da tashi. Na sa rauta ta keɓe mata lamba guda, ba mai karɓa. Na sami akwatin ajiyar wuta, UPS, wanda zai riƙe ta ɗan lokaci ta rufe kanta cikin natsuwa. Takardu masu muhimmanci kuwa na yi musu kwafi uku, ɗaya a wayata, ɗaya na buga na kai gidan wana.

Amma jama'a, babban kuskurena ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Shekara biyu tana aiki, ban taɓa gwada ta ba ina tsaye, domin duk sa'ad da aka ɗauke wuta ina gida nakan tayar da ita da hannuna, ban lura ba cewa ni ne ke rufa mata asiri. Saboda haka shawarata ga duk mai irin wannan na'ura, ka fara yin kwafi, sa'an nan ka kashe wutar ɗakin da gangan, ka mayar, ka fita waje, ka kira ta da intanet ɗin wayarka ba da na gida ba, kada ka taɓa kome. In ta amsa, ka yi tafiyarka. In ba ta amsa ba, gara ka sani yau kana kusa da ita.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta,
Zariya.