Jakar Yashi a Bisili

A unguwarmu ta Kilomita Biyar, a Bangi, buhun yashi ba abin so ba ne. Tun zuwan sojojin kiyaye zaman lafiya na MINUSCA a 2014, in ka ga an jibge buhuna a mararraba, to bakin bindiga na bayansu. Shi ya sa da na je Ingila, ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, gobe sai Bisili, ka ga wasan harbi," sai da gabana ya faɗi.

Bisili fili ne a kudu maso yammacin Landan, inda maharban Ingila suka tare tun 1890 bayan sun baro Wimbildon. Mun shiga rumfar masu bindigar iska. Babu hayaƙi, babu tsawa, sai 'yar ƙara kamar an buɗe kwalbar lemo. Kowa na zaune a teburinsa, takarda na can nisan mita 25, ɗauke da da'irori 25. Kowace harbi ɗaya, maki goma in an dace, jimla 250. Harsashin dalma ne, faɗinsa milimita 4.5, bai kai ƙwayar wake ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ba a riƙe bindigar. Kwantar da ita ake yi. A gaba akwai matokarin ƙarfe mai ƙafa uku, da abin murɗawa na sama da ƙasa, da na dama da hagu. A baya kuma jakar fata cike da yashi, mai kunnuwa biyu, gindin bindigar na zaune a tsakaninsu.

Wani dattijo ya ga na ƙura ido, ya jawo mini kujera. Shi ya koya mini yadda ake zaɓe. Matokari ya zama mai nauyi, don mara nauyi yakan gusa ba ka sani ba. Shimfiɗarsa ta dace da faɗin katakon bindigar, kada ta matse, kada ta yi lilo. Yashin jaka kuma a nan gwaninta take: in ka cusa shi ya yi tauri kamar dutse, bindiga ta yi tsalle, in ya yi sakwaf, ta nutse, saiti ya ɓaci. Bindiga mai sifirin tana zabura in an harba, ba ta jituwa da wuri mai tauri, amma mai tankin iska lafiya lau take kwanciya. Ya tura tasa baya, ya dawo da ita, ya sa na leƙa madubi: tana kan ɗigon da ya bar ta. Wannan, in ji shi, shi ake saye, ba ƙyalli ba.

Akwai matokarai masu tsada, irin na SEB da ake ƙerawa a Indunusiya, masu sanda guda da ke juya saiti ko'ina. Ni dai hankalina na kan jakar. Na shafa ɗinkinta, na san dukawanmu za su yi wadda ta fi ta.

Dattijon ya ba ni bindigarsa na gwada. Na sa yatsa a kunama, hannuna na rawa, ba don sanyi ba. Rabona da kusantar bindiga haka tun Disambar 2019, lokacin da aka yi artabu tsakanin 'yan kasuwarmu da masu makamai, shaguna suka ƙone.

"Kawu, saki numfashi," in ji yaron. Na saki, na taɓa. Takwas na samu.