Shekarar da Kuza Ta Faɗi

A Barikin Ladi na tashi, zamanin da kuza ke riƙe da kusan kowane gida. Mahaifina ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya shiga wani kamfanin haƙar kuza da ɗaukar kwano, har ya kai helma. Da asuba suke fita cikin sanyin Filato mai ratsa ƙashi, su wuni ƙafafu cikin ruwa suna wanke ƙasa. Kafin mutum ya kai hamsin, tari da ciwon baya sun gama da shi.

A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan. Ba a jima ba injuna suka yi shiru daga Bukuru har Dorowa, aka shiga sallamar ma'aikata.

Ranar da aka kira su Baba, ni na riƙe masa ledar takardunsa. A bakin ofis mutane sun rabu gida biyu. Masu kati, irin su Baba, an lissafa musu kuɗin notis da ɗan giratuti. Waɗanda ake biya da awon kuzar da suka kawo kuwa, ba su da komai. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda furfura ta riske shi a ramin kuza, ya matsa gaban tebur.

"Malam akawu, to shekarun namu fa?"

Akawu ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri, babu sunanka a littafi."

Shi ma Baba sai da ya jira ya cika 55 kafin ya karɓi abin da aka riƙa yanke masa zuwa asusun tanadin ma'aikata da gwamnati ta kafa a 1961. A lokacin dunƙule ɗaya ake biya, ba wata-wata ba, kuma tun 1986 naira ta soma zubewa. Kuɗin bai wuce gyaran rufin ɗaki da buhunan masara ba. Maƙwabcin namu ya koma loto, yana sauka rami da igiya, domin ciki bai san ritaya ba.

Ma'aikacin gwamnati ya san ranarsa: shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Dokar ƙwadago ta 1974 ba ta yanka wa leburan kamfani irin wannan rana ba. Dokar fansho ta 2014 ta gyara wani abu: wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi a asusun fansho, ma'aikaci 8, kuma daga shekara 50 ana iya fara ci. Amma samarin da ke shiga ramukan loto a yau, jikokin waɗancan dattawa, yawancinsu ba su da kati ba su da asusu. Duk wanda zai amfana da guminsu, wajibi ne ya rubuta sunansu tun ranar farko, ya zuba musu rabonsu, tun da sauran ƙarfi a jikinsu.