Kamara a Ƙofar Gida, Mabuɗi a Hannun Wa?

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello a Kaduna, ko ya ratsa Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, in ya ɗaga kai ya dubi katangu, zai ga waɗansu 'yan abubuwa farare an kakkafa a kusurwa, ko wanne da ɗan baƙin gilashi a gabansa kamar idon kaza. Kamarorin tsaro ke nan. Da can sai a banki da gidajen manya a ke ganinsu. Yanzu kuwa har mai shagon atamfa a babbar kasuwa da mai sayar da magani a Kawo sun sa, ba kuwa don ado ba. Tun da aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, kusa da Mando, cikin watan Maris na 2021, aka kuma tare jirgin ƙasa mai tasowa daga Abuja ran 28 ga Maris 2022, mutanen garin nan suka ƙara son sanin wanda ke tsaye a ƙofarsu.

Ni malamin ofis ne. Aikina riƙon littafin shiga da fita na takardu, da riƙon mabuɗan kabad. Da idon wannan aiki na ke duban kamara, gama ita ma marubuciya ce: tana rubuta wanda ya shigo da wanda ya fita, da sa'ar da ya yi haka. Ko wane littafi kuwa, tambayar da a ke fara yi a kansa ita ce, wa ke riƙe da mabuɗin inda a ke ajiye shi?

Amma bari mu fara da yadda hoton ke zuwa aljihu. Kamara takan ɗauki hoto ta miƙa shi ga wani ɗan akwati mai rarraba intanet a cikin gida, wanda masu sana'ar ke kira rauta. Daga rauta hoton ya shiga intanet, ya sami hanya ta wurin injunan kamfanin da ya ƙera kamarar, sa'an nan ya faɗo cikin manhajar da ka sa a wayarka. Kana zaune a Kano wurin biki kana ganin ƙofarka ta Badarawa, kafin ƙiftawar ido. Asalin abin ma da ban dariya. A 1991 waɗansu masana kwamfuta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gaji da tattaki zuwa wurin tukunyar kofi su tarar ta ƙare, sai suka kafa mata kamara don su riƙa duba ta daga kujerunsu. A 1993 aka sa hoton tukunyar a intanet, duniya ta yi ta kallo. A 1996 kuma kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fitar da kamara mai haɗuwa da intanet da kanta. Wayar hannu ba ta wadata a Nijeriya ba sai daga 2001.

Tsakanin kamara da rauta hanya biyu ce, ta igiya da ta iska. Na ce igiya ne don kada mu rikice, gama mu Hausawa mun kira tarho waya saboda wayar da a ke ja a kan turaku, ga shi yau wayar ta tafi, sunan ya zauna.

Hanyar igiya ba ta da wuyar fahimta. A sa bakin igiya ɗaya a bayan kamara, ɗayan a jikin rauta, ko a jikin akwatin adana hotuna in kamarorin suna da yawa. Sa'an nan a buɗe manhaja, a nuna wa wayar wani ɗan tambari mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigo da ke manne a jikin kamarar, sai ta gane ta. Irin wannan igiya tana kai saƙo lafiya har tsawon mita 100, in ya wuce haka sai an sa wani akwati a tsakani. Akwai kamarorin da igiyar nan ɗaya ke kawo musu wuta ta kuma kwashi hoto. Wahalarta ita ce fasa bango da kuɗin aiki, ga ɓera, ga ɓarawo mai almakashi. Saboda haka a bi da ita ta cikin bututu, a can sama inda hannu ba ya kai.

Hanyar iska, watau Wi-Fi, ita ta fi jan mutane, domin ba fasa bango. Ka danna ɗan maɓallin da ke jikin kamara har ta yi ƙara, ka rubuta sunan Wi-Fi na gidanka da kalmar sirrinsa a cikin manhaja, wayar ta fito da tambarin nan mai ɗigo-ɗigo, ka nuna wa idon kamarar ta karanta. Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne, rauta tana watsa saƙo a kan zango biyu, kamar yadda gidan rediyo ke da gajeren zango da matsakaici. Ɗaya a na kiransa 2.4, ɗayan 5. Yawancin kamarori masu araha na 2.4 kaɗai su ke ji. Mutum ya wuni yana tsammani an sayar masa da jabu, alhali kuwa a kan zangon da ba ta ji ya ke kiranta. Har wa yau bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna raunana saƙon, rautar da ke ƙuryar ɗaki ba lalle ta kai bakin titi ba. Akwai kuma wata iri mai cin sim kamar waya, da faifan sola a kanta, ita ta dace da gona ko fili inda ba wuta.

In ka tambaye ni, ƙofar gida da shago igiya ta fi musu. Iska ta dace da ɗan haya, wanda mai gida ba zai yarda ya fasa bango ba. Ko wace ka bi, ka tuna kallo daga nesa yana cin data: hoton da ke tafiya da ƙarfin megabit ɗaya yana cinye wajen megabait 450 a awa guda. Wanda ya bar manhaja a buɗe yana kallon ƙofarsa kamar wasan kwaikwayo, ba za ya kai ƙarshen wata ba. Ka tuna kuma in wuta ta ɗauke, rauta ma ta mutu tare da kamara, sai in an haɗa su duka biyu da batir. Da hunturu a riƙa goge gilashin, ƙura na rufe shi.

Akwai wani abu da ban cika ji masu kafa kamara suna ambata ba, shi kuwa ya fi damuna saboda aikina. Kwanan wata da sa'a. Takardar da ba kwanan wata a ofishinmu ba ta da daraja, wadda aka sa wa na ƙarya kuwa ta fi ta muni. Kamarori da yawa daga ƙasar Sin su ke zuwa, waɗansu da agogon can, wanda ya riga namu da awa 7. Waɗansu kuma in wuta ta ɗauke ta daɗe, sai agogonsu ya koma wata shekara da ta wuce. An fasa shagon wani maƙwabcinmu da tsakar dare, kamara ta ɗauki mutumin sarai, amma rubutun da ke kusurwar hoton ya ce da hantsi ne. Wanda a ke tuhuma ya kawo mutum uku da suka ce da hantsin nan yana tare da su, ba kuwa ƙarya suka yi ba. Da ƙyar aka warware. Minti biyu ya isa a daidaita agogon a cikin manhaja tun ran farko.

To, yanzu ga maganar mabuɗi. Ran da aka kafa kamara a kan buɗe mata asusu a cikin manhaja, da lambar waya da kalmar sirri. Sau da yawa yaron da ya zo aikin, don sauri, sai ya buɗe da tasa lambar, sa'an nan ya ba mai gida izinin kallo. Mai gida ya ga ƙofarsa a waya, ya yi murna, gani ya kori ji, ya biya kuɗi. Bai sani ba shi baƙo ne a cikin kamarar da ya saya. Yaron nan, ko da mutumin kirki ne, yana iya ganin sa'ar da ka ke fita masallaci da asuba, da ranar da iyali suka tafi ƙauye. In wayarsa ta ɓata, wa ya san hannun da za ta faɗa? Kamfanoni da dama kuma sukan ɗaure kamara ga asusu ɗaya, ba ta karɓar wani sai na farko ya sake ta. In mai aikin ya bar gari, sai ka yi ta cigiya.

A ofis, in ma'aikaci zai bar kujera, ba ya tafiya sai ya miƙa mabuɗai an ƙirga, an sa hannu. In a na shakka, a sake kwaɗo. Haka ya kamata a yi a nan. A buɗe asusun da lambarka, a kan wayarka, kana tsaye. Kalmar sirri kai za ka rubuta da hannunka bayan ya kau da kai, ba rashin yarda ba ne, ƙa'idar aiki ce. Kada kuma a bar kalmar da kamara ta zo da ita daga kamfani, irin su 12345, domin ko wane mai sana'a ya san su, ɓarayin intanet ma haka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomi wajen 60 irin waɗannan, ta mallake kamarori da rautoci dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka toshe wa mutane da yawa a Amurka hanyar shiga Twitter da Netflix.

Wannan shi ya sa ban yarda a sa kamara a cikin gida ba. Kakanninmu da suka gina zaure sun san abin da su ke yi: baƙo ya tsaya nan, ya yi sallama, idonsa ba ya wucewa tsakar gida inda mata ke daka da wanki. Kamarar da ke kallon tsakar gida, hotonta kuwa yana bi ta injunan wata ƙasa, ta rushe zauren nan ko da katanga na tsaye. A gidana guda ɗaya ce, tana fuskantar ƙofa da ɗan gefen titi. Kafin a ɗaure ta na kira maƙwabcina, na nuna masa abin da ta ke gani a waya, ya tabbata ba ta leƙa bayan katangarsa. Wanda ya gina bene a Unguwar Dosa ko Hayin Banki, inda gidaje ke manne da juna, shi ya fi bukatar wannan lura. Tun watan Yuni na 2023 ma Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane, hoton fuskar mutum kuwa yana cikin bayanansa.

In wani abu ya auku, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kamara ba ta kama kowa, shaida kawai ta ke bayarwa, da dare ma hoton yawancinsu fari da baƙi ne, fuska na kama da fuska. Kada a yi gaggawar watsa shi a WhatsApp da sunan ɗan wane, yaron da aka ɓata wa suna a unguwa bisa kuskure ba ya wankuwa da sauƙi. A kai wa mai unguwa da 'yan sanda. A kuma kwafe hoton a ranar, a ajiye shi a wani wuri dabam, gama katin da ke cikin kamara in ya cika, sabon hoto ya kan hau kan tsoho ya shafe shi, ƙaramin kati kuwa cikin 'yan kwanaki ya ke cika.