Wa ke da ikon amincewa a ƙasar Wet'suwet'en?

A arewa maso yammacin lardin British Columbia na Kanada akwai wata al'umma da ake kira Wet'suwet'en, wadda ƙasarta ta kai faɗin murabba'in kilomita 22,000. Ba su taɓa sayar da ita ba, ba su kuma ƙulla yarjejeniyar miƙa ta ga Turawa ba. Tushen rikicinsu da gwamnati ke nan.

Al'ummar ta kasu dangi 5, waɗanda suka rarrabu gidaje 13, kuma ta wajen uwa ake bin nasaba. Kowane gida yana da yankinsa da sarkinsa na gado. A zauren babban biki ake naɗa sarki, a bainar jama'a, inda ake ciyar da baƙi a kuma yi musu kyauta domin su zama shaidu. A nan ake tabbatar da iyakoki, a sasanta husuma. Wato bikin shi ne majalisarsu, shi ne kotunsu. Kanada ta haramta irinsa a 1884, haramcin bai kau ba sai 1951. Dokar da ta kafa a 1876 kuma ta kawo zaɓaɓɓun majalisu, waɗanda ikonsu, a cewar sarakunan, bai wuce 'yan ƙananan filayen da aka keɓe wa mutanen ba.

A 1984 sarakunan Wet'suwet'en da maƙwabtansu Gitxsan suka shigar da ƙarar da aka sani da Delgamuukw. Hujjarsu tarihin baka ce da waƙoƙin gado masu ambaton wurare da iyakoki. Alƙali Allan McEachern ya saurari shaidu, ciki har da dattawa, sama da kwana 300, sannan a 1991 ya yi watsi da ƙarar, bai ba shaidar dattawan wani nauyi ba. Abin da ban mamaki: kotun da ke karɓar rubutun ɗan kasuwa baƙo ta raina abin da gida guda ya yi ta maimaitawa gaban shaidu, kaka da kakanni. A Disamba 1997 Kotun Ƙoli ta gyara wannan, ta ce tarihin baka hujja ce. Sai dai ba ta ce ga mai ƙasar ba. Umarni ta bayar a sake shari'a, ba a kuwa sake ba.

Wannan giɓin ne bututun iskar gas na Coastal GasLink, mai tsawon kilomita 670 zuwa Kitimat, ya ratsa. Kamfanin ya samu sa hannun akasarin zaɓaɓɓun majalisun, waɗanda ke hangen aiki da kuɗin shiga ga mutanensu, kuma ba hange ne na banza ba. Sarakunan gado suka ƙi, musamman saboda kogin Wedzin Kwa, inda kifin salmon ke hayayyafa. 'Yan sanda sun kai samame a 2019 da 2020 da 2021. Na 2020 ya sa masu goyon bayansu suka tare layukan dogo a sassan Kanada na tsawon makonni.

A Mayu 2020 gwamnatin tarayya da ta lardi suka sa hannu kan takardar fahimtar juna, suka amince cewa haƙƙin ƙasar yana hannun gidajen gado. Takardar ba ta shafi bututun ba, an kuma kammala shimfiɗa shi a ƙarshen 2023.