Sifirin ɗin Fijon Baba

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwannin ƙauye ya san a-kori-kura iri biyu ce. Akwai wadda bayanta ya zauna ƙasa tana jan gindi ko babu kaya a kanta, akwai kuma wadda bayan ya ɗaga sama kai ka ce kaza ce tana tsattsagar tsaba. Ta farko sifirin ɗinta ne ya gaji, ta biyu kuwa ƙarin falle aka yi mata har aka wuce gona da iri. Mutane sun fi tausaya wa ta farkon, amma ni dai ta biyun ce ta fi ba ni tsoro, kuma dalilina na da nasaba da wata tsohuwar mota da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gado ni da yayana.

Motar Peugeot 504 ce, wato Fijo, mai buɗaɗɗen baya, haɗin Kaduna. Yaran yanzu ba su san darajar wannan suna ba. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, shekara na zagayowa ta zama gwarzuwar motocin Turai, sannan a 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, bai daina 504 ba sai a tsakiyar shekarun 2000, bayan su kansu Faransawan sun daɗe da mantawa da ita. Ta shiga ɗin an yi mata sifirin mai murɗiya ne a baya, shi ya sa take da laushin tafiya kamar kana kan katifa. Ita kuwa ta kaya, fallayen ƙarfe aka jera mata, dogo a sama, gajere a ƙasa, aka ɗaure su wuri guda. Dabara ce tun ta zamanin keken doki, domin a 1804 wani maƙerin kekuna a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar irin nasa sifirin ɗin, kuma har yau manyan motoci ba su rabu da fallayen ba.

Da tamu ta fara karkata hagu, taya tana gugar jikin bodi in an hau gargada, sai muka kai ta wurin dattijon da ke gyara ta tun Baba na da rai. Yaya ne ke tuƙa ta, da ita yake ciyar da gidansa, yana kwaso masara da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Saboda haka shi buƙatarsa a fili take.

Ya ce, "Baba, a daki tsohon ya miƙe, a ƙara mata falle uku-uku. Kowa haka yake yi."

Dattijon bai ɗago daga ƙarƙashin motar ba ya ce, "Ɗana, sifirin za ka ƙara wa ƙarfi, ko birki?"

Yaya ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don a lokacin ban ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba.

To ashe aikin sifirin ya wuce ɗaukar nauyi. A irin waɗannan motoci shi ne ke riƙe da aksul ɗin baya a mazauninsa. Idon gaba na babban falle a kafe yake jikin shasi, idon baya kuma yana rataye a jikin wani ɗan ƙarfe mai lilo da ake kira shakul, saboda duk lokacin da kaya suka danne sifirin ya miƙe, tsawonsa ƙaruwa yake yi, dole a bar masa wurin tafiya. A tsakiya akwai ƙusa guda, santa-bol, wadda ta ratsa dukkan fallayen, kanta kuma ya shige wani ɗan rami a mazaunin aksul. Sai yu-bol biyu da suka rungume komai suka matse. Idan santa-bol ta karye, aksul sai ya zame ta gefe guda, ka ga mota na tafe a karkace kamar ƙaguwa, gaba na kallon gabas baya na neman arewa, taya tana cinyewa cikin 'yan makonni. Kuma galibi ba santa-bol ce ke da laifi ba, yu-bol ne suka saki aka ƙyale su.

Maganar birki kuwa, a nan ne jikina ya yi sanyi. A-kori-kura da yawa suna da wata 'yar na'ura a baya da ke auna yadda bodi ya sauko kusa da aksul. In ya sauko sosai, ta san an yi lodi, sai ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bai sauko ba, sai ta rage, don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. To ka ƙara falle uku, ka ɗora buhu ashirin, bodi ya ƙi saukowa. Na'urar nan ta ɗauka motar wayam take. Ka yi wa motarka ƙarya ke nan, ita kuma ta yarda, sai ranar da ka zo gangara ko saniya ta faɗo titi. Ko da babu na'urar ma, birki da taya da boris ɗin aksul da shasi duk an yi su ne don kayan da bai wuce tan ɗaya da ɗoriya ba. Buhun masara kilo 100 ne, sai ka yi lissafi da kanka, mai karatu. Sifirin da ya zauna ƙasa aƙalla yana gaya wa direba gaskiya cewa kaya sun yi yawa. Kuma kada mu manta, a ranar kasuwa ba buhuna kaɗai ke saman motar ba, akwai masu buhunan zaune a kansu, da mata, wani lokaci har da goyo.

Ba na ganin laifin Yaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sawu biyu ya zama asara, kowane direba so yake ya kwashe a sawu guda. Wanda bai taɓa sayen fetur da kuɗin cefanen gidansa ba shi ne zai yi saurin yi masa wa'azi.

Shi dukan tsohon sifirin ɗin ma dattijon bai hana ba, cewa ya yi kuɗinmu ne. Ana kwance fallayen a ɗora bisa guntun ƙarfen dogo a yi ta sakar masu guduma har su sake lanƙwasa, motar ta tashi tsaf, bayan 'yan watanni ta koma gidan jiya, don ƙarfen da ya gaji ya gaji. Abin da ya ce ko a mafarki kada mu yarda shi ne a sa wa falle wuta ko a yi masa walda. Ƙarfen sifirin sai an gasa shi an tsoma a mai, an sake ɗumama shi daidai gwargwado, sannan yake samun halin nan na lanƙwasa ya dawo. Wutar mai walda tana kashe wannan hali, wurin ya yi laushi ko ya yi gautsi, kuma daidai nan zai ɓalle.

A ƙarshe sabo muka saya, ba na kamfanin Fijo ba, na wasu masu ƙera kayan gyara ne, domin na asali sai dai tsohon da aka ciro daga wata motar da ta mutu. Dattijon da kansa ya je kasuwa, da igiyar awo a aljihu. Bai kalli fenti ko kwali ba. Ya auna daga idon gaba zuwa santa-bol, ya auna daga santa-bol zuwa idon baya, saboda ba lallai su zo daidai ba, kuma wanda ya juya sifirin gaba ya koma baya zai tarar taya ba ta tsakiyar ramin bodi. Ya auna faɗi, ya auna zurfin lanƙwasar, ya kife guda biyun a ƙasa gefe da gefe ya ga ko tsayinsu ɗaya. Shago uku ya bari kafin ya saya. Yaya ya so a canza na hagu kaɗai tunda shi ne ya zauna, aka ce masa sabo da tsoho ba sa zama a aksul ɗaya, karkatar ce kawai za ta koma dama.

Ɗaurin kansa bai ɗauki yini ba. An tokare tayoyin gaba, an ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe, jak kuma yana tallafe da aksul, aka yi gefe ɗaya aka gama kafin a taɓa ɗayan, ana lura da tiyon man birki kada ya ɗame. Abu biyu ne suka tsaya mani a rai. Na farko, tsofaffin yu-bol ɗin da Yaya ke cewa lafiyarsu lau, dattijon ya jefa su cikin bokitin gwangwan, ya ce zaren ƙusa in an taɓa matse shi ya riga ya miƙe, ba ya sake riƙo kamar da. Na biyu, ya hana yaronsa ƙarasa ɗaure ƙusoshin ido da na shakul motar na rataye. Sai da aka sauke ta a kan tayoyinta, ya sa mu biyu muka hau baya muka yi ta girgiza ta, sannan aka matse. In an matse tana sama, robar bushin za ta zauna a murɗe da zarar an sauke, ba za ta yi ƙarko ba. Yu-bol kuwa kaɗan-kaɗan ya bi su, wannan kusurwa sai waccan, har suka zo ɗaya. Ya ce a dawo da ita bayan mako guda, don fallaye sababbi suna zama, fenti na murjewa a tsakaninsu, noti ya saki. Da aka dawo kuwa kowane noti sai da ya karɓi sifana.

Tsofaffin fallayen ko kwana ba su yi a garejin ba, wani maƙeri ya zo ya saye su. Su maƙera sun fi kowa sanin darajar wannan ƙarfe, da shi suke fitar da adda da gatari da wuƙar fawa masu riƙe kaifi.

Ni da Yaya har yanzu ba mu gama daidaitawa ba. Ni na ce buhu goma sha ɗaya, shi ya ce goma sha biyar, kuma ba na tare da shi a kasuwa balle in ƙirga. Abin da muka tsayar shi ne, duk ranar da kaya suka kai sawu biyu, kuɗin man sawu na biyun daga rabona na gadon motar za a cire. Ya karɓa, amma wata biyu ke nan sau ɗaya tak ya zo mani da lissafin.