'Yan Sanda Nawa Za Su Ishi Fadama?

Duk sanda aka yi sata a Haɗeja sai ka ji ana cewa 'yan sanda sun yi kaɗan. Ni dai ban cika yarda ba. Cikin gari kam akwai su, musamman bakin titi. Amma leƙa fadamun Guri da Kirikasamma da kaka, lokacin da shanu ke gangarowa ba a gama yankan shinkafa ba. Can ake zubar da jini, kafin mota ta ratso laka an yi jana'iza. Kakana yakan ce zamanin 'yan doka, kafin Gowon ya haɗe su da na tarayya, mai unguwa ya san duk baƙon da ya kwana. Yanzu kuwa ɗan sanda na fara gane ƙauyukanmu za a yi masa canji.