Buroshin Aski da Tafin Hannun Wanzami

Duk wanda ya nazarci wanzanci a ƙasar Hausa ya san abin da zabira ke ƙunshe da shi: asake iri-iri, da ƙaho, da dutsen washi, da 'yar fatar da ake goga bakin aska a kai. Babu buroshi a ciki. Wanzami yakan ɗebi ruwa da hannu, ya shafa a kai ko a fuska, ya yi ta murzawa har gashi ya yi laushi, sannan ya ɗora aska. A rubuce-rubucen ɗalibai da na karanta kan tasirin zamani a wannan sana'a, akan jero buroshi tare da kilifa da reza da hoda, a wuce ba tare da an faɗi aikinsa ba. Sau da yawa ma akan haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya, domin buroshin da ake gani a shagunan aski na kakkaɓe gashi ne, ba shi da alaƙa da na haɗa kumfa. Na biyun nake nufi a nan, kuma da shi nake gyaran fuska shekara da shekaru, tun da na gane cewa fatata ba ta jure busasshen aski.

Gashin gemu busasshe yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa. Idan ya jiƙa na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura, ya yi laushi, aska ta yanke shi ba tare da fizga ba. Wannan shi ne asalin aski da ruwa a ko'ina, kuma wanzami ya san shi ba tare da ya shiga ɗakin gwaji ba. Abin da buroshi ya ƙara shi ne hanyar tsare ruwan a kan fata. Akan jiƙa shi da ruwan ɗumi, a juya shi a kan sabulu, sannan a juya a fuska. Silin gashinsa suna kaɗa iska cikin ruwan sabulu, kamar yadda maburgi ke yi wa nono, har a sami kumfa mai kauri wadda ƙwayoyinta ƙanana ne, ba sa saurin fashewa. Kumfar nan ce ke hana gashi bushewa kafin aska ta iso, ita ce kuma ke ba aska santsi. Juyawar kanta tana tayar da gashin da ya kwanta, tana kuma kawar da matacciyar fata.

Ingancin aikin ya danganta da irin gashin da aka yi buroshin da shi. Mafi daraja a wurin Turawa shi ne na wata dabba 'yar uwar dage, wadda Faransawa ke kira blaireau. Da wannan kalma ɗaya suke kiran dabbar da buroshin, abin da ya kamata ya ja hankalin mai nazarin ma'ana. Gashinta yana riƙe ruwa da ɗumi sosai, bakinsa kuma yana da taushi. A yau yawancinsa daga ƙasar Sin ake samo shi, ko da kuwa a Ingila aka harhaɗa buroshin. Na gashin alade, irin wanda kamfanin Omega na Italiya ya shahara da shi, ya fi araha kuma ya fi tauri. Sai an jiƙa shi na ɗan lokaci kafin a fara, kuma sabonsa yana da kaushi, sai bayan makonni bakin silin ya tsage gida biyu ya yi laushi. Taurin nan ne ke sa ya fi iya kankaro sabulu mai ƙarfi.

Ambaton alade kan sa Bahaushe ya ja da baya, ni ma na ja. A mazhabar Malikiyya dai, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, gashin da aka yanke ba a tuge ba mai tsarki ne ko da na alade ne, yayin da Shafi'iyya ke ganin najasarsa. Sai dai mai saye a kanti ba ya ganin yadda aka raba gashin da fatar, kuma hukunci daban, natsuwar zuciya daban. Ni na bar shi.

Akwai na gashin doki, wanda tarihinsa ke da tabo. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, gashin dabbar can ya yi wuyar samu, aka cika kasuwa da gashin dokin da ba a tsabtace ba. Sojojin Birtaniya da na Amurka da dama suka kamu da cutar antaras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta 'yan raunukan da aska ke bari a fuska da wuya. Ina tuna wannan duk lokacin da aka ɗora wa askar wanzami ita kaɗai laifin yaɗa cuta, kamar dai kayan kanti ba su taɓa ɗaukar komai ba. Kayan da ya taɓa jinin wani ko ya zauna da danshi abin kula ne, a zabira yake ko a kwali.

Wanda nake amfani da shi na zaren roba ne. Ba ya shan ruwa cikin silinsa, tsakaninsu kawai yake riƙewa, don haka yakan zubar da shi gaba ɗaya idan aka danna da ƙarfi. Amma yana bushewa da wuri, ba ya wari da damina, kuma sabulu kaɗan ya ishe shi. Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu kumfa kan bushe a kunci ɗaya kafin a gama ɗayan, dole a riƙa tsoma bakin buroshin a ruwa. Ruwan wasu rijiyoyi mai zartsi yana kashe kumfa komai kyan buroshin. Na gwada sabulun salo: yana tashi da sauri, yana da santsi, amma kumfarsa sakayau ce, ba ta tsayawa kamar ta sabulun aski da ake haɗawa da sinadarin sitiyarik.

A ƙasashen da suka raya shi ma buroshin ya ja baya. Barbasol ya fito da man aski maras buƙatar buroshi a 1919, kumfar gwangwani ta biyo baya a 1949. Ke nan abin da muke lissafawa cikin kayan zamani, a can tsohon yayi ne da masu sha'awa ke farfaɗowa.

Inda na fi jinjina lamarin shi ne batun ƙurajen aski. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa sosai yakan lanƙwasa ya koma cikin fata. Buroshi yana taimakawa wajen tayar da shi, amma ba ya magance matsalar. Abin da ya fi tasiri shi ne bin kwanciyar gashi da aska mai baki ɗaya, da barin maimaita wuri. A nan tafin wanzami ya fi buroshi, domin yayin da yake murza ruwa yana karanta fuskar: ina gashi ya nufa, ina ƙurji yake, ina tsohon tabo. Buroshi kuwa yana lulluɓe duk wannan da farar kumfa, sai mai aski ya riga ya san fuskarsa. Saboda haka ban yarda a rubuta cewa rashin buroshi a zabira giɓi ne da zamani ya zo ya cike ba.

Saura batun suna. Kalmar buroshi a Hausa ta ɗauki na haƙori, da na takalmi, da na fenti, kuma "buroshin aski" kansa yana nufin abu biyu. Shawarata ga masu tattara kalmomin sana'o'i ita ce a bambanta buroshin kakkaɓa da buroshin kumfa, kuma a koma wurin wanzamai a naɗi kalmomin da suke kiran matakan jiƙa gashi da murza shi, tun masu faɗin su suna riƙe da zabira.